Gado da Tsarin Asali a Kanun Magana na LaTeX: Sharhi Game da Ɗab'in Hausa

Kundin sake gina ƙasa da aka zartar a Yamai cikin watan Maris na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ya ajiye Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Ko me wannan mataki zai haifar nan gaba, abu ɗaya dai a fili ya ke: takardun da za a buƙaci bugawa da Hausa za su ƙaru, tun daga littattafan yaƙi da jahilci har zuwa rahotannin bincike da ƙamusoshi. A zamanin dalma, ma'aikacin maɗaba'a shi ke yanke shawarar girman kan magana da kaurinsa da filin da za a bari bisansa da ƙarƙashinsa, kuma in akwatin baƙaƙensa ba shi da ƙ mai kauri, hannunsa ne zai fara gaya masa. A yau marubuci ko magatakarda ne ke jera rubutu a kwamfuta, kuma galibin waɗannan shawarwari an riga an yanke masa su tun bai buga harafin farko ba. Su a ke kira a nan tsarin asali, watau abin da na'ura za ta yi in ba a ce mata kome ba. Wannan sharhi ya duba tsarin asali na kanun magana a cikin LaTeX, da yadda kowane kai ke gadon siffarsa, da abin da hakan ke jawo wa rubutun Hausa.

Donald Knuth na Jami'ar Stanford ta Amurka ya fitar da TeX a 1978, don bai gamsu da yadda a ke buga littattafansa na lissafi ba. Leslie Lamport ya ɗora LaTeX bisa wannan harsashi a farkon shekarun 1980, littafinsa na jagora ya fito a 1986, kuma fasalin da a ke aiki da shi har yanzu an kafa shi a 1994. Ƙa'idar Lamport ita ce marubuci ya faɗi mene ne abu, ya bar wa na'ura yadda zai bayyana. Zai rubuta \chapter ko \section gaban take, sa'an nan wani kundi dabam, wanda za a kira ƙira a wannan sharhi, ya zaɓi baƙaƙe da tazara da lamba. Manyan ƙirorin asali uku ne: article don maƙala, report don rahoto, book don littafi. Matakan kanu kuwa bakwai ne, daga \part har \subparagraph, sai dai ƙirar maƙala ba ta da babi.

Wajibi ne a faɗi alherin wannan tsari kafin a shiga suka. Kan magana ba ya makalewa shi kaɗai a gindin shafi, rubutunsa na can shafi na gaba, don an ɗaure shi da layukan da ke bin sa. Filin da ke bisansa ya fi na ƙarƙashinsa, saboda haka ido na haɗa shi da abin da ya ke gabatarwa. Lambobi na gyara kansu in an ƙara sashe ko an cire, jerin abin da ke ciki kuma na fitowa ba tare da an sake bugawa da hannu ba. Duk wanda ya taɓa ganin rahoton da aka kauraro kanunsa ɗaya bayan ɗaya da hannu, wannan da layi a ƙasa, wancan da manyan baƙaƙe, ya san darajar waɗannan abubuwa.

Matakai biyar na ƙasa, daga sashe zuwa ƙarshe, umarni guda ne ke gina su, mai suna \@startsection. A kan ba shi abu shida: suna, da lambar mataki, da shigowa daga gefe, da tazarar sama, da tazarar ƙasa, da siffar baƙaƙe. Ga sashe, tazarar sama 3.5ex ce, ta ƙasa 2.3ex, ex shi ne tsawon ƙaramin baƙin x a zubin da a ke ciki, don haka tazara na girma tare da rubutu, wanda dabara ce mai kyau. Idan jikin rubutu poyin 10 ne (poyin ɗaya ya ɗan zarce sulusin milimita), kan sashe poyin 14.4 ne, na ƙaramin sashe 12, na ƙarƙashinsa kuwa 10, daidai da jiki. Dukansu masu kauri ne. Abu na shida shi ne abin lura a nan, don a kowane mataki da kalma guda ya ke farawa: \normalfont.

Aikin wannan kalma shi ne share duk abin da ke gudana a wurin, a koma ga abin da aka tsayar wa takardar gaba ɗaya: jadawalin lambobin haruffa, da dangin zubi, da nauyi, da tsayuwa. Bayan an share sai a ɗora girma da kauri. Ma'anar wannan ita ce kanun LaTeX ba su gadon juna. Ƙaramin sashe bai san kome game da sashen da ke bisansa ba. Kowannensu kai tsaye ya ke karɓa daga tushen takarda, sa'an nan a sake rubuta masa kauri a nasa layi, kamar ƴan'uwa biyar da aka ɗinka wa riga iri ɗaya a wurin maɗinka biyar. Kamannin da mai karatu ke gani tsakaninsu maimaici ne aka yi, ba wani uba da ya haɗa su. Babi da kashi ma ba su bi ta wannan umarni ba sam, nasu ginin dabam ne. Wanda ya so a cire kauri daga dukan kanu, ko a ba su zubi dabam, ba shi da wuri guda da zai taɓa: sai ya sake fasalta su ɗaya ɗaya, ko ya ɗauko ƙarin ƙunshi irin titlesec na Javier Bezos. Ga marubucin Ingilishi wannan ƴar wahala ce kurum. Ga mai buga Hausa, kowane wuri da aka manta ƙofa ce da baƙi mai ƙugiya zai faɗi ta cikinta.

Yadda hakan ke faruwa na da tarihi. Baƙaƙen ɓ, ɗ da ƙ sun shiga bokon Hausa tun shekarun 1930, taron masana da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 ya tabbatar da su, Nijar kuma ta riƙe ƴ a inda Nijeriya ke rubuta 'y, kamar yadda ƙa'idojin rubutu na 1999 suka tsayar. Amma zubin farko na TeX gurbi 128 kawai gare shi, ba ko ɗayansu a ciki. Jadawalin da aka amince da shi a birnin Cork na Ailan a 1990, mai gurbi 256, an yi shi ne don harsunan Turai. Ŋ ya sami wuri, abin da ya yi wa Zabarmanci da Fulatanci rana ba da niyya ba, amma masu ƙugiya ba su samu ba. Jörg Knappen na Jamus ne ya zana zubin fc don harsunan Afirka a farkon shekarun 1990, da jadawalinsa mai suna T4. Mai binciken da ya rubuta maƙala da Faransanci, ya sauya zuwa T4 a tsakiyar takarda don wani yanki na Hausa, zai ga jikin rubutu ya fito lafiya. Da ya kai ga kan sashe sai \normalfont ya mai da shi jadawalin tushe, ƙugiya ta ƙi fitowa. Umarnin ya yi abin da aka gina shi ya yi. Abin da ya ɓace shi ne hanyar gaya wa kai cewa yankin da ya ke shugabanta da wane harshe aka rubuta shi.

Zuwan Unicode, da injin XeTeX da Jonathan Kew ya fitar a 2004, da LuaTeX bayansa, ya kawar da rikicin jadawali. Bai kawar da zato na biyu ba, watau cewa kowane zubi na da fuska mai kauri, kuma fuskar na da dukan baƙaƙen da siririyar ke da su. Doulos SIL, wanda masana harshe suka daɗe suna dogara da shi saboda cikar alamominsa na furuci, fuska ɗaya tak aka yi masa. In aka sa shi a matsayin zubin takarda, LaTeX zai nemi mai kauri ya rasa, ya yi gargaɗi cikin rahoton aikinsa, ya buga da siririn. Kan sashe zai tsira saboda girmansa. Mataki na uku, wanda girmansa ɗaya da jiki, ba abin da ya rage masa sai lamba da tazara. Na huɗu kuwa, wanda ba shi da lamba kuma a cikin layin farko na sakin layi ya ke zaune, ya narke ke nan cikin rubutu. Charis SIL na da fuska huɗu, shi ya sa ya fi dacewa da wannan aiki.

Mafi muni shi ne zubin da ke da fuska mai kauri amma ba cikakkiya ba. A nan aiki ba ya tsayawa: a rubuta layi guda na gargaɗi cikin ɗaruruwan layuka, shafi ya fito da gurbi ko ɗan akwati a madadin baƙin. Ma'aikacin da lokaci ya ƙure wa sananniyar mafita gare shi, ita ce ya cire ƙugiyar daga take, tun da k da b da d kullum suna nan. Da haka ƙura ke zama kura, ɗaki ya zama daki. A littafin kiwon lafiyar mata, babin da ke magana a kan ɓari sai ya fito da sunan bari. Gwanin karatu zai gyara a zuci ya wuce. Wanda bai fi wata uku a ajin karatun manya ba, wanda malaminsa ya sha wahala kafin ya raba masa b da ɓ, zai ga littafin hukuma ya ƙaryata malamin a wurin da baƙaƙe suka fi girma a shafi. Tun 2021 akwai hanyar mai da wannan gargaɗi kuskure mai tsayar da aiki, ta sa \tracinglostchars a kan 3, amma ba shi ne tsarin asali ba, sai wanda ya sani ya nema.

Sa'an nan take ɗaya wuri uku ya ke zuwa: cikin shafi, da jerin abin da ke ciki, da layin da ke maimaita sunan babi a saman kowane shafi. Kowane wuri da nasa tufafi, ba wanda ke gadon wani. A ƙirar littafi, layin saman shafi karkatacce ne, kuma a kan juya shi duka zuwa manyan baƙaƙe da umarnin \MakeUppercase, ko marubuci ya so ko bai so ba. A da umarnin bai san kome ba sai baƙaƙen da ke cikin jerinsa, ya kan bar masu ƙugiya ƙanana a tsakiyar manya. An sake gina shi a 2022 bisa bayanan Unicode, yanzu ya san Ɓ ne babban ɓ. Saura zubi. A cikin Unicode, ƙ da Ƙ da ƴ da Ƴ duk a unguwa ɗaya su ke, ta ƙarin baƙaƙen Latin, tare da Ɓ da Ɗ. Amma ƙananan ɓ da ɗ suna can unguwar alamomin furuci na duniya, a lamba 0253 da 0257. Mai zana zubi na iya cika unguwa ɗaya ya bar ɗayar. Don haka zubin da ya buga ɓ da ɗ lafiya a jiki ba shaida ba ne cewa manyansu na nan, balle a karkace.

Cibiyar da ke buga Barbarci da Buzanci tana da ƙarin tarko a wannan wuri. Ƙaramin ǝ na harsunan nan, wanda babbansa Ǝ ne, yana da tagwaye a alamomin furuci, ə, wanda ido ba ya raba su, amma babbansa Ə ne. Magatakardan da ya ɗauko na biyun ba zai ga laifi a jiki ba ko kaɗan. Sai a saman shafi, inda na'ura ta girmama shi da kanta, baƙon harafi zai bayyana.

A cikin take kuwa gado na aiki sosai, har ya wuce yadda a ke so. Tsarin zaɓen baƙaƙe da Frank Mittelbach da Rainer Schöpf suka ƙaga a ƙarshen shekarun 1980 ya raba siffa gida biyar, kowane na sauyawa ba tare da taɓa sauran ba. In masani ya karkatar da kalmar misali a cikin take, kamar yadda al'adar nahawu ta ke, kalmar ta gaji kauri daga take ta ƙara karkata, sai a buƙaci fuska ta huɗu, mai kauri karkatacciya, wadda ita ce aka fi yi wa sakaci a zube da dama. In kuma kalmar na ɗauke da alamar tsawon wasali da ta karin sauti a bisanta, ko r mai igiya wanda ba shi da gurbin kansa a Unicode sai an haɗa, to, zaman alamomin ya dogara ga ko mai zane ya auna musu wuri a wannan fuska ta huɗu.

Harshe ma abin gado ne, kuma daga tushe ya ke zuwa. In ba a ce kome ba, babi zai fito da sunansa na Ingilishi. A ƙasar nan hannu ya saba ɗauko Faransanci ta ƙunshin babel, shi kuwa ba sunayen babi da na jerin abin da ke ciki kaɗai ya ke kawowa ba: yana buɗe ƴar tazara gaban alamar tambaya da ta motsin rai da ruwa biyu, yana kuma shigo da layin farko na bayan take ciki, alhali ƙirar asali a bakin gefe ta ke barin sa bisa al'adar Ingilishi. Ba laifi ga ko wacce daga al'adun biyu. Abin dubawa shi ne littafin Hausa na ɗaukar ɗaya ko ɗaya bisa katari, gwargwadon harshen da aka ambata a layin farko na kundi, har littattafai biyu na ma'aikata guda su saɓa. Ginin kan babi shi ma na Turai ne: suna, tazara, lamba. Hausa na son mahaɗi a tsakani, babi na 3, darasi na 12, amma waƙa ta 2, tambaya ta 5. Mahaɗin na bin jinsin suna, don haka sai an cusa shi cikin sunan kansa, a kowane irin kai dabam. Haka nan kanun sashe, ba kamar na babi ba, a kan miƙe su har gefen dama, kuma na'ura na da izinin karya kalma a ƙarshen layi. Da ƙa'idojin karya kalma na Ingilishi ko na Faransanci za ta yi, waɗanda ba su san ts da ƙw da gy baƙi ɗaya ɗaya ne a Hausa ba.

Idan aka juya ga littafin koyon karatu, tazarar da ke tsakanin tsarin asali da buƙata ta fi fitowa. Ƙirorin uku girma uku kaɗai suka yarda da shi ga jiki, 10 da 11 da 12, alhali sabon mai karatu, musamman dattijon da ke karatu da dare a hasken fitila, ya fi son abin da ya haura haka. Sai an nemi ƙirorin extsizes kafin a sami 14 ko 17 ko 20. Kan babi na cin poyin 50 a sama, 20 tsakanin lamba da take, 40 a ƙasa, watau 110, kusan santimita 4 na farar takarda ban da rubutun kansa. Waɗannan ƙayyadaddu ne, ba su raguwa in an koma ƙaramin shafi na A5 mai tsawon santimita 21. Ƙirar littafi kuma na tilasta kowane babi ya fara a shafin dama, ta bar na hagu wofi in ta kama, har da layin sama a bisa wofin. A littafin lissafi mai babi goma wannan ado ne. A littafin darasi arba'in, kowane darasi shafi ɗaya, takarda ce ta ninka, kuma kuɗinta daga kasafin da zai sayi alli da allo zai fito. Girman shafin asali ma na Amurka ne, milimita 216 da 279, ba A4 da a ke saye a kasuwar Maraɗi ko Damagaram ba.

Lambobi irin 2.3.1 an yi su ne don masani ya ce a duba wuri kaza. Ga wanda ke koyon karatu da ƙidaya a zama ɗaya, adadi ne da bai san yadda zai faɗe shi ba. Manyan baƙaƙen saman shafi kuwa suna nuna masa siffofin da ba a koya masa ba tukuna, tun da da ƙanana a ke farawa. Zubin Andika an zana shi musamman don sababbin masu karatu, da a da g irin na rubutun hannu; duk amfaninsa na zubewa in take ya fito da wani zubi mai a irin ta maɗaba'a.

Wasu tsare-tsare sun gina gadon da LaTeX na asali ya rasa. A ƙirorin KOMA-Script na Markus Kohm akwai uba guda mai suna disposition, wanda dukan kanu ke karɓar dangi da nauyi daga gare shi, kowane mataki ya ƙara girmansa kawai. Layi ɗaya ya isa a sauya su duka. A ConTeXt na Hans Hagen na Holan a kan haifi sabon kai daga tsoho da \definehead, ya gaji kome, a gyara abin da ya bambanta. Da haka kai mai suna darasi ko tambaya zai samu cikin sauƙi. LibreOffice na da uba ɗaya bisa matakansa goma. Word kuwa ya ɗora Titre 1 har Titre 9 a kan Normal, amma ya ba su zubin kanu dabam da na jiki: Cambria a fitowar 2007, Calibri Light a ta 2013. A nan ne ya kamata a yi hattara da yabon gado. KOMA-Script da LibreOffice duk sun zaɓa wa uban kanu zubi marar ƙafa, dabam da na jiki. Wanda ya sa Charis a jiki ya ɗauka ya gama, alhali kanunsa duka sun gaji wani zubi da bai taɓa gwadawa ba. Word kuma in ya rasa baƙi ya kan aro daga wani zubi shiru, sai ƙ ya tsaya a tsakiyar take da tsawo da kauri dabam da maƙwabtansa. Gado mai kyau na yaɗa gyara cikin layi ɗaya, yana kuma yaɗa ɓarna da wannan sauri. Duk da haka ya fi maimaici, don wurin da za a bincika ɗaya ne.

Akwai abin tunawa daga ajami. Kalmomin babi da fasali daga Larabci Hausa ta karɓe su, kuma marubutan zaure da jar tawada su ke ware su daga jiki, ba da kauri ba. Manya da ƙananan baƙaƙe kuwa babu su a wannan rubutu. Zubin Alkalami, wanda aka zana bisa hannun marubutan Kano, in aka tilasta masa kauri na ƙarya sai ɗigogin da ke raba baƙaƙe su cushe. Cewa take dole ya yi kauri al'adar maɗaba'ar Turai ce, kuma ƙirorin asali sun rubuta ta sau bakwai kamar ba wata hanya.

Hukuncin da ya dace da ƙirorin Lamport shi ne sun cika aikin da aka yi su dominsa, watau maƙalar kimiyya da Ingilishi, kuma masu kula da LaTeX na da hujjar ƙin taɓa su, don takardar da aka rubuta a 1994 ta fito yau yadda ta fito a lokacin. Wannan riƙon amana shi ne kuma dalilin da ya sa jiran gyara daga can ba shi da amfani. Aikin na cibiyoyin harshe ne da ma'aikatar karatun manya: ƙira guda ta Hausa, wadda aka kafa wa uban kanu ɗaya, mai ɗaukar zubin jiki sai in an ce a'a, wadda ba ta girmama baƙaƙen saman shafi, ba ta karya kalma a take, kuma rashin baƙi ke tsayar da ita. Reshenta na littattafan koyo zai gaji wannan duka, ya rage matakai zuwa biyu, ya cire lambobi masu ɗigo, ya bar darasi ya fara a kowane shafi. Bai kamata a bar wa kowane marubuci ya yi nasa gyara a saman kundinsa ba, don wannan shi ne maimaicin da aka soka, an dai ɗauke shi daga ƙira an raba wa mutane. Kafin a karɓi kowane zubi cikin wannan ƙira, a buga shafin gwaji guda mai ɗauke da ɓ ɗ ƙ ƴ da Ɓ Ɗ Ƙ Ƴ, da ŋ ɲ ǝ ɣ na sauran harsunan ƙasa da manyansu, a fuskoki huɗu, a kowane mataki na kai, da cikin jerin abin da ke ciki, da saman shafi. A duba shi a takarda, daga injin da zai buga littafin, don ƙugiyar ƴ a poyin 10 na iya fitowa sarai a allon kwamfuta, ta toshe da tawada a bugu na ɗari biyar.